Tumatirin da Ya Murɗe a Yammacin Alkamarmu

Ko da zan manta da komai na samartakata, ba na jin zan manta da ranar da aka kusa raba wani dattijo da gonarsa saboda iyayin da na yi. A tsakiyar shekarun tamanin ne, a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwan kanal ya mai da noman rani sana'ar kowa.

Lokacin ban daɗe da gama karatun kimiyyar sinadarai a jami'a ba, ina koyarwa a wata sakandare, nakan zo gida duk Juma'a. Aikin da na yi a shekarar ƙarshe shi ne haɗa maganin ciyawar nan da malaman gona ke kira tu-fo-di. Idan aka zana shi a allo, zobe ne mai kusurwa shida, an maƙala masa kulorin a kusurwa ta biyu da ta huɗu, ga kuma 'yar jela a ta ɗaya. Yana kashe ciyawa mai faɗin ganye, ya ƙyale alkama. Irin wanda aka saba kawo mana yana narkewa a ruwa, kuma inda aka fesa shi nan yake zama. Ni kuwa da kaina ya kumbura, sai na dafa nawa da wani sinadari dangin sifirit, jelar ta canza, maganin ya koma kamar mai. Esta ake ce wa irin wannan, ya kuma fi ratsa ganye. Wannan na haddace shi tsaf. Amma cewa yakan tashi ya bi iska idan rana ta yi zafi, na karanta na wuce kamar ba da ni ake ba.

A shekarar maganin ciyawa ya yi wuya a kasuwa, alkamar mahaifina kuma an makara wajen shuka ta, zaƙi-banza ya cika ta. Mahaifina malami ne mai makaranta a ƙofar gida, idan ya yi magana a garin ba a ɗora wata a kai. Na ɗauko kwalbar da na ajiye tun daga jami'a na nuna masa. Ya juya ta ya ce, "Ka tabbata da abin nan?" Na ce, "Allah gafarta Malam, ai da hannuna na haɗa shi." Yanzu na san wannan ne ma ya kamata ya sa shi tsoro. Ranar Asabar na goya famfon feshi tun hantsi har azahar, sanyi ya fara saki, rana tana dukan ƙeya.

Da na dawo Juma'ar gaba sai na tarar gari ya ɗauki zafi. Tumatirin gonaki biyar ya lalace: ganye ya naɗe, kara ya murɗe, fure yana zuba. Duk biyar ɗin kuma wurin mutum ɗaya aka sayi dashe. Wani dattijo ne da fari ya koro daga arewa, mai unguwa ya ba shi aron fili a jikin gonarmu, yana renon dashe yana sayarwa, da haka yake ci da iyalinsa. Mutane suka yanke cewa dashensa ne mai cuta, kuma wai ya sani ya sayar. An sa bayan la'asar za a zauna a ƙofar gidan mai unguwa a karɓe filin.

Ni duk wannan bai dame ni ba, Allah ya yafe min. Ana saukowa daga masallaci na nufi gona don in ga aikina, na kuwa tarar alkama fes, ciyawa ta kwanta. Ina cikin jin daɗi sai na hango dattijon a tsugune a bakin fangalinsa. Muka gaisa, ya ce, "Malam ƙarami, zo ka duba min wani abu, ku da kuka yi karatu." Ya nuna min rai-ɗore da ya fito da kansa a bakin kanal, ya murɗe kamar igiya. Ya nuna min kuɓewar maƙwabcinsa, ita ma haka. Ya ce, "Su ma ni na sayar musu da dashe?"

Bai jira amsata ba ya wuce gaba, ina bin sa. Muna yin yamma muna nisa da alkamarmu, murɗewar tana raguwa, har muka kai inda babu ita sam. Sannan ya juya ya nuna gabas da haɓarsa, inda wani tumatir ya yi shar, ya ce shi ma daga wurinsa aka saya, rana ɗaya. Iska ta kaɗo daga gabas ta ratsa alkamarmu ta same mu. Nan take na gane maganina ne iska ta kwaso. Dattijon ya koma ya tsuguna inda na same shi.

Zan faɗi gaskiya, na yi niyyar yin shiru. Kwalba ta ƙare, babu wanda ya san abin da ke cikinta sai ni, kuma a duk garin babu wanda zai taɓa kawowa a ransa cewa magani yana tashi daga gona ya sauka a wata. Ga sunan mahaifina, ga nawa da ake nuna ni ana cewa ɗan jami'a. Na yi sallar la'asar ban san abin da na karanta ba.

An shimfiɗa tabarmi, mai unguwa a tsakiya, mahaifina a damansa, dattijon a can gefe ya sunkuyar da kai. Ɗaya daga cikin manoman ya jefa murɗaɗɗen tumatir a gabansa, ya ce wata uku na wahalarsa ke nan. Aka yi ta magana ana haye juna. Da aka ba dattijon dama, abin da ya ce kawai, "Ranka ya daɗe, ni ban san cuta a dashena ba." Mai unguwa ya nemi ra'ayin mahaifina, mahaifina ya ce idan cutarwa ta tabbata, wajibi ne a kawar da ita. Mai unguwa ya gyara zama ya ce, "To, daga gobe filin nan…"

Ban san lokacin da na matso na durƙusa ba. A garinmu ɗa ba ya magana a zaman da ubansa yake, don haka kowa ya juyo. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba dashe ba ne. Maganin da na fesa wa alkamarmu ne." Na yi bayani yadda zan iya.

Abin da ban zata ba shi ne su ƙi yarda. Wanda ya jefa tumatirin ya ce, "Haba ɗan Malam, magani ƙafa gare shi?" Wani ya ce tausayi ne ya kama ni, in bar manya su yi aikinsu. Ga shi an buɗe min ƙofa in fita salin-alin, kuma wallahi raina ya so. Sai na tsinci kaina ina musu da dattawa a kan lallai ni ne mai laifi. Mahaifina bai dube ni ba, ya miƙe ya saka takalminsa ya ce, "Mu je mu gani."

Muka ɗunguma gona, na bi da su duk inda dattijon ya bi da ni. Mahaifina ya daɗe a tsaye a kan rai-ɗoren nan. Daga nan ya je ya kama hannun dattijon da hannu biyu ya ce, "Ka yafe min, saura kaɗan in zalunce ka da bakina." A nan take ya ce alkamar bana ta masu gonakin nan biyar ce da dattijon, wanda tumatirin da ya dasa wa kansa ya fi na kowa lalacewa. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan yammacin ba.

A hanyar gida na ja baya har muka jera da dattijon. Na ce, "Baba, tun yaushe ka gane?" Ya ce tun ranar Litinin. Na ce to me ya hana shi faɗa a gaban jama'a. Ya ce, "Kai ma da bakinka ka faɗa, ka ga yadda aka yi da kai. Ni baƙo in ce ɗan Malam ne? Da ba filin kaɗai zan rasa ba. Shi ya sa na nuna maka, na bar ka da Allah."

Tun daga ranar na san akwai mutanen da gaskiya tana hannunsu amma ba su da bakin faɗarta. Idan Allah ya sa kai ana jin maganarka, kuma ka sani, to shirunka ma zalunci ne, kuma ni saura kalma biyu daga bakin mai unguwa in aikata shi.