Ruwan Wankan Jego

"Hajiya, jininki lafiya, ƙashinki ma lafiya," in ji likitan. "Ciwon nan faibromayaljiya ake ce masa. Jiki ne yake jin zafi fiye da kima. Ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi. Ki rage aiki mai nauyi."

Na yi masa godiya, na hau Keke Napep zuwa gida, Hayin Banki. Kowane rami muka faɗa sai na ji shi a kafaɗuna.

A lokacin 'yata ta fari tana gidana, ta dawo wankan jego. Ni nake da haƙƙin yi mata, yadda mahaifiyata ta yi mini: a tafasa ruwa da ganyen darbejiya, a tsoma ganyen a riƙa bugun jikin mai jego, safe da yamma. Tun tana amarya nake jiran wannan aiki.

Na daure kwanakin farko. Wata safiya na ɗaga hannu da ganyen, hannun ya ƙi sauka da ƙarfi. Ruwan ya huce muna kallon juna.

"Mama, bar shi, ai na ji ɗumi," ta ce. Ƙarya take yi, don ina ganin tsigar jikinta ta tashi.

Surukarta ta zo daga Unguwar Sarki, ta dube ni sama da ƙasa. "Ikon Allah! Ga ki kuwa garau." Ciwon kuwa ba shi da kumburin da zan nuna mata.

Ita ta tafi da mai jegon da jaririyar. Arba'in ɗin a can ya cika. Ni dai ban ƙarasa wa 'yata wankanta ba.