Daɓen da na yi wa motar Nasara

Shekarun baya, zamanin Nasara suna nan, ina da wani tsoro da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Tsoron mota nake. Maigidana direba ne a wajen wani Nasara mai sayen gyaɗa a Magariya, muna ce masa Mushe, wato malam da Faransanci, ɗakinmu kuma yana bayan kantinsa, kusa da rumfar da ake ajiye motar. Ina goyon ɗiyata ta fari. Duk safiyar da ya fita sai na tsaya bakin zana ina lissafin abin da zai iya samunsa a hanya, har surukata ta ce da ni, “Ke ɗiyar nan, in ya tafi da jaki ma haka za ki yi?”

Motar ba irin sauran ba ce. In an kashe ta sai ta yi ta sauka a hankali har cikinta ya kusa taɓa ƙasa. In an tada ta sai baya ya ɗaga, sannan gaba. Maigidana ya ce wani jan mai ne, kamar ruwan zoɓo, yake bin siraran bututu yana ɗaga ta. Akwai kuma wani ɗan ƙarfe kusa da ƙafar direba, in an ja shi sama ta ƙara tsawo don ta ƙetare yashi. Ni da ba ni da aiki sai kallo, na lura da wani hali nata: ba ta amsawa nan take. In Mushe ya shiga ta lotsa, sai ta yi shiru kamar ba ta ji ba, can sai ta yi huci ta miƙe.

Wata rana suka dawo daga Dungas motar ta canza tsayuwa. Ta daki kututture cikin yashi, baya ya zauna, hanci yana sama. Tsohon maigadin kantin ya kewaya ta ya ce, “Direba, motarka ta yi zaman tahiya, ka jira ta sallame.” Mushe bai yi dariya ba. Ya ce kafin Juma’a ta daidaita, in ba haka ba zai aiko a kawo masa wani direban daga Damagaram wanda ya san gyara.

Maigidana ya san inda ciwon yake. Akwai sandar ƙarfe da ta ratsa tsakanin ƙafafun baya, a jikinta an ɗaure wani ɗan hannu da noti, shi ke faɗa wa man ya ƙara ko ya rage. Dukan kututturen ne ya gocar da shi. Tun motar tana sabuwa ya yanki kara biyu, ɗaya daidai tsawon gabanta daga ƙasa, ɗayan kuma na bayanta, ya ɓoye a ɗaki. Matsalar ita ce awo. Ko’ina yashi ne, ƙafa ta nutse, karan ma ya nutse, ya auna sau uku ya sami tsawo uku.

Ni na ce, “Maigida, in yi maka daɓe mana.”

Kwana biyu muka yi ni da surukata. Muka kwashe yashin rumfar, muka zuba laka da tsakuwa, muka yi ta duka da madaɓi muna yayyafa ruwan bagaruwa. Daɓen ɗaki akan karkata shi wajen ƙofa don ruwa ya fita, wannan kuwa na zuba ruwa a tsakiya ya tsaya bai san inda zai nufa ba. Da ya bushe ka buga ƙafa sai ka ji kamar dutse. Na yi ta alfahari, har ina kiran matan maƙwabta su zo su gani, kamar ni na ƙera motar.

Ranar Alhamis da hantsi ya haƙa ɗan rami mai tsawo a tsakiya, daidai yadda zai kwanta rigingine, ƙafafun motar suna kan daɓen dama da hagu. Bai zurfafa ba, ya ce lokaci ya ƙure. Gyaran kuma sai inji yana aiki, motar tana tsaye da kanta. Na leƙa na ga jikinsa yana cikin rami, amma kafin ya kai ga notin sai ya miƙa hannun dama ta kan bakin daɓen.

Ina da wani tsohon turmi gajere da bakinsa ya tsage. Na mirgino shi na ce, “Maigida, bari in kwantar da wannan a ƙarƙashinta. Ba zai taɓa ta ba. In ta sauko ne kawai.”

Maigadi da masu dako biyu suna zaune a inuwa. Maigadin ya ce, “A’a, yau za mu ga motar Nasara ta yi daka.”

Maigidana ya leƙo kai, fuska duk baƙin mai. “Ke, so kike a yi mini waƙa a kasuwa? Ɗauke abin nan ki je ki ji da yarinya.”

Na ce, “To in ka murɗa ka dakata. Ba ta amsawa da wuri.”

Ya ce, “Na gode, malama makanike.” Suka kwashe da dariya. Kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Na ja turmin gefe, taku biyu kacal, na tsaya da goyona.

Na ji ya sassauta notin da kile, wato sifana. Ya gusa ɗan hannun kaɗan, ya ɗora kara, ba abin da ya canza. Ya ƙara gusawa. Shiru. Na buɗe baki, na dubi mazan, na rufe. Ya ƙara na uku. Ashe ta ɓangaren da ba shi ba yake turawa. Sai na ji hucin nan da na sani.

Ba faɗuwa ta yi ba, zama ta yi, a hankali, kamar kullum. Ya janye kai amma hannunsa bai fito ba. Ƙarfe ya danne damtsensa a kan bakin daɓen.

Mazan suka kama bayan motar suna ƙoƙarin ɗagawa, ko motsi. Maigadi yana salati yana cewa a kashe inji. Na yi ihu na ce kada wanda ya kashe. Ban taɓa shiga motar ba sai ran nan. Na faɗa ciki da goyo a baya, na laluba ƙarfen nan na ja shi sama iya ƙarfina. Motar ta yi shiru. Ina jin muryarsa ta ƙasan kujera yana kiran uwarsa. Na karanta Ƙulhuwallahu, na sake, ina cikin ta uku ta fara ɗagawa.

A gidan likita suka ce ƙashin ba karyewa ya yi ba, niƙewa ya yi. Surukata ta kai shi wajen mai ɗori, shi ma ya girgiza kai. Mai ɗorin ya tambaya a kan me abin ya danne shi, da aka faɗa masa sai ya ce, “Da kan yashi ne da hannun ya nutse.” Ba da wata manufa ya faɗa ba. Ina tsaye a bayan mai ɗorin, ina ji.

Wanda aka kawo daga Damagaram ya sa aka zurfafa ramin har ya iya tsugunawa a ciki. Ya gusa ɗan hannun kamar faɗin farce, ya zauna ya ci goro, motar ta miƙe, ya auna da karan maigidana, ya ɗaure noti. Ban gama tankaɗen gari ba ya gama. Ya ce daɓen ya yi kyau, ya tambayi wanda ya yi.

Kafin damina muka koma Guci, gonar mahaifinsa. Hannun ya bushe ya manne a jikinsa. Ni na koyi riƙe hauya, shi yana bina da iri. Muka haifi huɗu bayan nan, muka zauna har Allah ya karɓi abinsa, bai taɓa ce mini laifina ba ne. Bai kuma taɓa ce mini da ya ji maganata ba. Maganar ba ta sake tashi tsakaninmu ba, ko sau ɗaya.

Mutane sun yi ta ce mini ƙaddara ce, na kuma yarda. Amma har yau in na tuna ba hucin motar ke zo mini ba, taku biyun nan ne. Dariyar mutum uku na ji wa tsoro, kuma cikin ukun nan ba wanda ya taɓa zuwa ya ɗaura masa wando da safe.

Ku da mazanku ko ’ya’yanku ke shiga ƙarƙashin mota, ina roƙonku abu ɗaya. Ku tura wani abu mai ƙarfi a ƙarƙashinta kafin su shiga, kututture ne ko dutse. In sun yi faɗa ku bari su yi, in an yi dariya ku tsaya a wurin har su fito.