Ƙarfe Takwas ɗin Madam

Wajen shekara biyu ofishinmu ya yi yana cin yabon da ba nasa ba, kuma ni ne na zo na ɓarar da shi da hannuna.

A lokacin ina aiki da wani ƙaramin kamfani a Abuja, mu shida a ɗaki ɗaya, muna kula da kwamfutocin wasu ofisoshi. Idan firintar mutum ta ƙi aiki, ko ya manta kalmar sirrinsa, sai ya shiga manhajarmu ya rubuta kokensa. Wannan koken shi muke kira tikiti. Ɗayanmu ya ɗauka, ya gyara, ya rufe. Duk taɓawar da ka yi wa tikiti manhajar tana buga lokacin a jikinsa, ba ta mantuwa, ba ta kara.

Sai dai babbar na'urar da ke ajiye waɗannan bayanai a ƙasar waje take, kuma da agogon GMT take aiki. Duk wanda ya tashi a gidan da ake jin labarun rediyo ya san lissafin: bakwai agogon GMT, takwas agogon Najeriya. To haka rahoton mako-mako yake isa wurin Oga, shugabanmu da ke zaune a Legas. Wanda ya fara aiki ƙarfe takwas, takarda ta ce bakwai. Oga kuwa abu ɗaya yake dubawa a rahoton, wato lokacin da kowa ya taɓa tikitinsa na farko. Wanda ya wuce takwas da rabi, sunansa ya yi ja. A ofishinmu ba a taɓa ganin ja ba.

Har yabonmu yake yi a taron da muke yi ta bidiyo. Ya ce mutanen Arewa akwai sammako, sallar asuba ce ta horar da mu, 'yan Legas su yi koyi. Mu kuwa sai mu sunkuyar da kai kamar masu jin kunya, alhali mun san komai sarai. Ni har "mun gode, sa" nake cewa.

Wadda ta fi kowa morar wannan awa ɗayan ita ce Madam. Mutuniyar Kudu ce, Kirista, ta girme ni da 'yan shekaru, mijinta ya rasu, kuma gidan haya ɗaya muke zaune a unguwar Kwamba da ke Suleja, ƙofarta tana kallon tamu. Ta daɗe a Suleja har Hausarta ta nuna, sai dai in magana ta yi zafi ta koma Turancin Buroka. Wajen aiki babu kamarta. Mutum zai kira yana kumfar baki saboda kwamfuta, kafin ta ajiye waya ya koma tambayar lafiyar gida. Amma ba ta isa ofis sai tara ta gota.

Ni kuwa mutum ne mai ji da sammakonsa. Ina idar da salla nake fita, in tari keke zuwa tasha, in shige Madalla da Zuba kafin motoci su cushe. Bakwai da rabi ina kan kujerata ina kurɓar shayi, ina jiran wanda zan yi wa kallon makararre. Da ta turo ƙofa tana share gumi sai in ɗaga hannu in duba agogo.

"Sannu da zuwa, Madam Takwas. Yau ma agogon Turawa ya cece ki."

"Malam, leave me abeg," take cewa. "Ka sha shayinka."

Abin ya ƙare ne lokacin da kamfani ya samu masu hulɗa a Nairobi. Su awa uku suke gaba da GMT. Mutum ya kai kuka ƙarfe goma, takarda ta ce bakwai ya kai, lokacin ko wanka bai yi ba. Suka yi ƙorafi, Oga ya ce a gyara, kowa ya riƙa ganin lokaci da agogon garinsu. Aka ɗora mini aikin, na karɓa da murna, don na daɗe ina neman abin da zan nuna gwaninta a kai.

Gyaran ba shi da wuya. Ba a taɓa abin da ke ajiye, yana nan a GMT ɗinsa. Kowane mai amfani da manhajar za a rubuta masa yankin da yake, sai a juya masa lokacin daidai sa'ad da zai gani a allo. Ɗan Nairobi a ƙara masa uku, ɗan Suleja a ƙara masa ɗaya. Na gama a kwana biyu, na sa nawa a agogon Najeriya don gwaji, na buɗe rahoton makon jiya ina murmushi.

Layin Madam ya yi ja daga Litinin har Juma'a. Na buɗe na watan jiya, ja. Na bara, ja. Sai a nan na tuna abin da ya kamata in tuna tun farko: manhajar ba ta san tsoho da sabo ba, duk abin da ka buɗe za ta juya maka. Ranar da na sa Oga a agogon Legas, makarar shekara biyu za ta zubo masa a tebur lokaci ɗaya. Ga shi saura wata guda a sabunta kwantiragin kowa, kuma a ofishin Legas ya taɓa sallamar mutum kan abin da bai kai wannan ba. Shayin ranar bai shiga ba.

Ran Asabar da safe na same ta a bakin famfon tsakar gida tana wanke zannuwan gado. Na tsuguna na yi mata bayani dalla-dalla. Ta saurara hannunta cikin kumfa.

"So everything go show? Har na baya?"

"Duka, Madam."

Na rage murya na ce akwai dabara. Zan iya gyara wa kowa in bar Oga shi kaɗai a kan GMT, ba zai lura ba. Ta murɗe zanen da ke hannunta har ruwan ya tsane.

"A'a, Malam. Kar ka yi. If dem catch am, na two of us. Kuma ai ba ƙarya aka yi mini ba. Na late I late."

Raina ya ɓaci, don na zo da taimako an mayar mini. Na ce, "To ke ma, Madam, mene ne wahalar tashi da wuri? Gida ɗaya muke, hanya ɗaya muke bi." Ta dube ni, ta ɗauki bokitinta ta nufi igiyar shanya. Na san tana da tsohuwa a ɗaki, mahaifiyarta, wadda ɓarin jikinta ya shanye. Na sani kamar yadda na san akwai tankin ruwa a bayan gida, ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba.

Ran Litinin na shiga tono bayanai ko zan samo 'yan kwanakin da ta zo da wuri, in samu abin riƙewa. Ban samu ba. Amma garin jujjuya jerin sai na kifa shi, na ƙarshe ya dawo sama. Tikitinta na ƙarshe a ranar Talata, shida da minti ashirin na yamma. Laraba, bakwai saura kwata. Na koma baya wata da watanni, haka abin yake. Ƙarfe biyar ake tashi a ofishinmu. Awar da ta tona mata asiri da safe, ita ce ta nuna yadda take zama da yamma, kuma ba wanda ya taɓa gani don rahoton ba shi da wannan gurbin.

Na dawo gida da abin a raina. Bayan magariba na ga matata ta zuba tuwo mai laushi da miyar kuɓewa a ƙaramin kwano ta yafa mayafi. Wannan fitar tata na daɗe ina mita a kanta. Kullum sai ta tsallaka ɗakin Madam, ni kuma na riga na yanke hukunci cewa gulma ake zuwa.

Na ce, "Wai in Madam ba ta dawowa sai bayan isha'i, ke da wa kike hirar?"

Ta tsaya da kwano a hannu ta kalle ni irin kallon da ake yi wa wanda ya tambayi ina gabas a cikin ɗakinsa.

"Baban yara, wa kake tsammani yake ba Mama abincin dare?"

A tsaye ta warware mini. Wata mata 'yar cocinsu ce take zama da tsohuwar da rana, amma ba ta iya zuwa sai ta sallami 'ya'yanta makaranta, wajen bakwai da rabi. Kafin nan Madam ta yi wa Mama wanka, ta canza shimfiɗa, ta ba ta koko cokali-cokali. Ta fita daidai lokacin da hanya ta cushe. Tun da farko ta ce ba za ta ci haƙƙin aiki ba, awar da ta ci da safe za ta biya da yamma. Matar cocin kuma biyar take tafiya. Shi ne matata ta karɓi tsakanin.

"Shekara biyu kenan," in ji ta. "Duk gidan nan kai kaɗai ne ba ka sani ba, mai ilimin kwamfuta."

Kunya ta kama ni sosai. Na ce me ya sa ba ta faɗa mini ba. Ta ce na taɓa tambaya ne? Ta fice abinta.

Washegari na ƙara gurbi ɗaya a rahoton, kusa da na farko: tikitin ƙarshe na kowace rana. Na buɗe ina jin kaina kamar alƙali mai adalci. Layin Madam ya fito yadda nake so. Sai idona ya sauka a kan nawa.

Huɗu da kwata. Huɗu da minti goma. Ran wata Alhamis ma huɗu ba ta cika ba.

Gaskiya ce, ba sharri. Ni da nake gudun cunkoson safe, ina gudun na yamma ma. Huɗu na yi nake fara haɗa jaka, huɗu da rabi ina bakin titi, don in wuce Madalla kafin 'yan kasuwa su tare hanya. Shi ya sa ban taɓa ganin zaman Madam ba, ba na nan. Na daɗe ina kallon layin nan. Na goge gurbin, na mayar, na sake gogewa. Na tashi na zagaya, na dawo na mayar da shi, na sa Oga a agogon Legas, na tura kafin zuciyata ta sake ba ni wata shawarar.

A taron Juma'a da safe fuskar Oga ta fito a allo ba fara'a. Ya ce ashe sammakon namu na Turawa ne. Babu wanda ya ce "mun gode, sa".

"Madam, nine o'clock?"

"Yes sir."

"Every day?"

"Every day, sir. Mamana ba ta da lafiya. I suppose tell you since."

Ya matso da fuskarsa kusa da allo yana bin gurbin na biyu da yatsa. Ya tambaye ta ko da gaske ita take rufe ofis kullum. Ta ce ita ce. Daga nan ya ce dama yana neman wanda zai riƙa tsayawa saboda masu kira da yamma, daga yau aikinta tara zuwa shida ne, a rubuce, kuma kada ta ƙara ɓoye masa irin wannan. Madam ta sa hannu ta rufe fuskarta.

Ina cikin sakin ajiyar zuciya na ji ya ce, "Wa ya ƙara wannan gurbin?"

Na ce ni ne, sa.

"Kuma ka ga naka?"

Na ce na gani, sa.

Ya ce aiki ya yi kyau, takardar neman bahasi za ta same ni kafin azahar. Ta kuwa same ni, lokacin da ke jikinta daidai da agogon hannuna, ko minti ɗaya babu kuskure. Madam ce ta taya ni rubuta amsa, tana yi tana dariya ƙasa-ƙasa. Tun daga ranar ta daina ce mini Malam kawai, sai Malam Huɗu.

Litinin ɗin da ta biyo baya na zauna har shida, muka fito tare. Na ga Madalla a lokacin da na shekara biyu ina gudu, muka yi kusan awa ɗaya motar ba ta yi tafiyar kirki ba, Madam na gyangyaɗi da jaka a cinya. Da muka shiga gida ban nufi ƙofarmu ba. Na bi ta, na yi sallama, na cire takalmi.

Tsohuwar tana jingine da matasai, ƙarama ƙwarai, matata na zaune a gefen katifa tana goge mata baki da tsumma. Ba su da yare ɗaya, amma na ga suna fahimtar juna. Na durƙusa na ce, "Sannu, Mama." Ta daɗe tana kallona, sannan ta juya ga 'yarta ta yi wata magana da ƙyar.

Madam ta ce, "Wai tana tambaya, ko sabon ɗan haya ne."

Shekarata biyar a gidan. Matata ba ta ko ɗago ba, ta miƙo mini kofin ruwan ta ce in riƙe, in matso kusa yadda Mama za ta iya sha.