Abin Da Ya Kama Ƙawata A Kan Jabal Musa

Har yau in ka shiga gidajen 'yan Najeriya a unguwar Madinat Nasr ta Alƙahira ka tambayi abin da ya faru a rihlar Sina'i, wato tafiyar buɗe ido ta waccan shekarar, za a ce maka aljanu ne suka buge wata yarinya a kan dutse, ƙawarta mai bakin tsiya ta ruɗe ta ƙaga mata ciwon da ba ta da shi. Ni ce mai bakin tsiyar. Ba aljanu ba ne, kuma ban ƙaga komai ba. Na gaji da jin labarin a karkace, shi ya sa na rubuto muku, amma ba zan kama sunan kowa ba.

Lokacin shekarata sha tara. Na gama sakandare, jarrabawar shiga jami'a ta ƙi, sai aka turo ni Alƙahira in taya yayata reno, mijinta yana karatu a can. Da safe ina zuwa wani markaz inda ake koya mana Larabci, in na dawo wanke-wanke da goyo. Haƙuri dai ba ni da shi, kowa ya shaida. In mutum yana jan magana ni nake ƙarasa masa, in ana tafiya ni ce a gaba ina waiwaye ina tsaki. A markaz ɗin na haɗu da ƙawata, tana zaune a unguwar Darrasa wurin goggonta. Ita mai sanyi ce, sai ka matso kafin ka ji abin da take faɗa, ban san me ya haɗa jininmu ba. Wata rana na je gidansu ba sanarwa na same ta a kwance tana cizon matashi, goggon tana gasa mata ƙafafu da tawul. Bayan ta samu sauƙi ta gaya mini sikila gare ta, ta sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba. Ko a danginsu ba kowa ya sani ba, mahaifiyarta ta ce ranar da maganar ta fita ranar ta rasa mijin aure. Ga shi akwai wani ɗalibi da ke nemanta, manyansa har sun kai gaisuwa a gida. Na rantse ba tare da na tambayi komai ba. A tunanina ciwon ƙafa ne mai zuwa ya wuce kamar zazzaɓi.

A hutun tsakiyar shekara, farkon 2013, cikin tsananin sanyi, ɗalibai suka haɗa rihla zuwa Jabal Musa, wani dogon dutse a Sina'i. Tun bayan juyin juya halin Masar baƙi sun ɗauke ƙafa daga can, komai ya yi sauƙi. Ƙawata ta ce ba za ta je ba. Ni na matsa mata. Na ce mata shekara biyu a Masar ba ta san ko'ina ba sai Darrasa da markaz, kamar kazar da aka ɗaure. Da ta ƙi, sai na ce to ai mutuminta zai je, duk 'yan ajinmu za su je, in ita kaɗai ta zauna za a fara tambayar dalili. Na san inda maganar za ta taɓa ta, shi ya sa na faɗa. Washegari ta rubuta sunanta.

Shirin da muka yi abin kunya ne. Abaya, suwaita ɗaya, safa, da takalmin da muke zuwa markaz da shi. Mun ɗauka sanyin Alƙahira shi ne ƙarshen sanyi. Mota ɗaya ce babba, maza a gaba mata a baya, tafiya mai nisa, ga shingayen sojoji ana tsayar da mu ana duba fasfo. Ƙawata ta taho da babbar gorar ruwa, dama kullum da gora take yawo, ban taɓa tambayar dalili ba. Da fitsari ya matsa mata ni ta tura in roƙi direba ya tsaya. Ya tsaya, amma wani daga gaba ya ɗaga murya yana tambayar wace ce ta shanye Kogin Nilu a baya, mota ta ɗauki dariya. Da muka dawo na ce mata ta rage shan ruwan nan, ni ba zan sake tashi a yi mini dariya ba, kuma a kan dutse ba banɗaki, ga maza ko'ina, ga alwala da za mu riƙe. Ba ta yi musu ba. Ta rufe gorar ta miƙo mini, na jefa a jakata.

Mun isa a makare, bayan azahar. Jagoranmu wani Badawi ne, Balaraben sahara ɗan yankin, ya ce sai mun ɗaga ƙafa in muna so mu sauko kafin duhu. Ban taɓa ganin wuri irin wannan ba. Ba bishiya, ba ciyawa, ba tsuntsu, duwatsu ne jajaye iya ganinka, kamar an ƙone duniya an bar toka. Iska kuma tana shiga ta hannun riga ta fita ta wuya. A cikin tsagogin dutse har ƙanƙara muka gani. Rumfunan shayin da ke kan hanya yawanci a rufe suke saboda ba baƙi, waya kuma ba sabis. A gindin dutsen akwai raƙuman haya, na ga ƙawata tana kallonsu, na ce mata mu ba tsofaffi ba ne, ta wuce mu tafi.

Da farko tana biye da ni. Can ta fara tsayawa tana dafa gwiwa, ni kuma ba abin da nake cewa sai yalla, wato mu je, an bar mu a baya. Ta ce bayanta yana ciwo, na ce kowa bayansa yana ciwo. Mun kusa inda hanyar raƙuma ta ƙare matakalar dutse ta fara, sai ta zauna ta ce ƙirjinta. Kafin in buɗe baki ta kwanta a ƙasa ta saki wata irin ƙara. Yarinyar da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ga ta tana birgima a kan tsakuwa tana ihu, duwatsu suna maido mana da ihun.

Wata a cikinmu ce ta fara cewa wurin nan ba kango ba ne, akwai masu shi, ga la'asar ta yi, kuma ta ga lokacin da ƙawata ta jingina a bakin wani kogo ba ta yi bismillah ba. Shi ke nan, magana ta zauna. Aka kira maza suka sauko a guje, mai nemanta a gaba. Ɗaliban addini ne, abin da suka sani suka yi. Mata suka danne mata hannu da ƙafa a kan dutsen nan mai sanyi, maza suka kewaye ta suna ruƙiya. Ana tofi a ruwa ana yayyafa mata a fuska da wuya, cikin wannan iska. Ana tambayar wane ne a jikinta, me yake so, ya fita. Ita kuwa cikin ihun ta nemo idona ta girgiza mini kai. Na gane abin da take nufi, na yi shiru.

Wannan shirun shi ne abin da ya fi damuna har yau. Ni da ba a taɓa gama magana a gabana ban sa baki ba, na tsaya riƙe da takalminta ɗaya da ya fita ina kallo. Jagoran ya tambayi shugaban tafiyar ko tana da wani ciwo, shugaban ya juyo ya ce 'yar'uwa, ke ce ƙawarta, ko kin san wani abu? Na ce ban sani ba. Ina gaya wa kaina zai lafa kamar yadda ya lafa a Darrasa. Na manta a Darrasa akwai ruwan zafi da bargo da magani. Haka muka tsaya har rana ta faɗa bayan duwatsu, inuwa ta rufe mu, sanyin ya ninka.

Sai ihun ya tsaya. Wani ya ce alhamdu lillahi, ya fara fita. Na sunkuya na dube ta. Numfashinta ya koma guntu-guntu, leɓenta ya yi fari, farcenta ya yi duhu, hannunta kamar ƙarfen firiji. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce musu su sake ta, ba aljani ko ɗaya a nan, sikila ce da ita, kuma kashe ta suke yi da ruwan sanyi. Ban faɗa da ladabi ba, har marasa tunani na kira su, alhali ni ce na san gaskiya na ɓoye. Mai nemanta ya tambaye ni ko na tabbata, na ce Malam, cire jaket ɗinka ka rufe ta, tambaya sai an sauka. Ya cire, ba zan ci haƙƙinsa ba, da 'yar shara ya sauko daga dutsen nan yana rawar ɗari.

Ba ta iya zama a kan raƙumi ba. Bargo aka samo daga rumfa ɗaya da ke buɗe a ƙasa da mu, aka sa ta a ciki, maza suna karɓa-karɓa. Hanyar da muka hau muna hira ta zama kamar ba za ta ƙare ba. Ana zamewa, ana tashi, wani ya fasa gwiwa. Ni ina gefe ina kiran sunanta don kada ta yi shiru gaba ɗaya. A ƙaramin asibitin garin da ke gindin dutsen aka sa mata iskar numfashi da ƙarin ruwa, daga nan motar asibiti ta wuce da ita wani babba inda aka yi mata ƙarin jini. Likitan farko ya tambaye ni ko ta sha ruwa sosai a hanya. Gorar tana jakata, ko rabi ba a sha ba.

Ta rayu. Amma kafin mu koma Alƙahira labari ya riga mu isa Najeriya. Mahaifiyar mai nemanta ta ce a dakata, kuma kowa ya san ma'anar a dakata. Shi ya je duba ta sau biyu, daga nan ƙafarsa ta ɗauke. Goggonta kuwa ta bi gida-gida tana cewa shafar aljanu ce, an yi ruƙiya an samu lafiya, waccan yarinyar tsoro ne ya sa ta sambatu. Mutane suka karɓa, don labarin aljanu ya fi daɗin bayarwa. Yayata ta ce in ja bakina in yi shiru, na jawo mata isasshen abin kunya. Da aka sallami ƙawata na je Darrasa. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ce kawai da na bar su a kan aljanun, don aljani ana fitar da shi a aure ka, sikila kuwa ba mai fitar da ita. Na ce da kin mutu fa? Ta juya fuska bango ta ce ma'alish, wato ba komai, in ja mata ƙofa. Tun daga ranar in mun haɗu sai gaisuwa.

Shekara biyu ke nan ina juya abin, na gaji. Ban yi nadamar faɗa ba. Nadamata ita ce na rantse a kan abin da ban san girmansa ba, na ja ta zuwa inda jikinta ya gaya mata kada ta je, na raba ta da ruwanta don kada a yi mini dariya, sannan da aka tambaye ni na yi ƙarya. Duk mai shirin hawa dutse ya sani ba yawon kasuwa ba ne, can sama ba asibiti, ba waya, ba wanda zai ji ihunka. Mai sikila kuwa sanyi da ƙishirwa da hawa wuri mai tsawo suna iya kai shi lahira a yini guda. Ban ce ruƙiya laifi ba ce, amma a fara tambaya, kuma wanda aka tambaya ya ji tsoron Allah ya faɗi gaskiya. In ƙawarki ta ba ki amanar ciwonta, ki zauna ki tambaye ta me yake tayar da shi, me ake yi in ya tashi, kuma ki gaya mata tun a ranar cewa in rai ya zo wuya za ki yi magana. Iyaye masu cewa a ɓoye, ku sani ranar da abin zai tashi ba lallai kuna kusa ba.

Makon jiya wata ta tare ni a bakin markaz. Ashe yayanta ne yanzu ya fito neman ƙawata, ta ji an ce ina wurin ranar da abin ya faru, tana so in gaya mata tsakanina da Allah, aljanu ne ko ciwo. Na ce mata ina sauri, mu haɗu wani satin. Na kwana biyu ina tunani, yanzu na yanke. Ba zan sake faɗa a madadin ƙawata ba, kuma bakina ba zai ce aljanu ba. Jibi in Allah ya kai mu zan shiga mota in je Darrasa in gaya mata an tambaye ni, kuma zan ce wa mai tambayar ta je ta ji daga bakin mai abin. In ƙawata ta yarda ta gaya wa sabon manemin da kanta, zan raka ta in zauna a gefenta har ta gama. In goggonta ta hana ni shiga, zan zauna a kan matakala har ƙawata ta fito.