Rumbun da Ba Shi da Jinka

Shekarar da anka kawo ni Taloka, zamanin Nasara ne, maigidana ya tafi cin rani Gwalkwas, Gana ta yanzu, da gama girbi. Tsohon rumbunmu ya tsage, gero na jibge a ɗakin Inna, uwar mijina. Da zai tafi ya ce in tsaya kan ginin sabo, tunda na yi makarantar 'yan mata a Sakkwato, na iya tsara abu. Maganar ta yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata.

Na yagi takarda na jera aikin: duwatsun gindi, kwaɓa ƙasa, gini, bushewa, zuba gero, sannan jinka. Magininmu Baffa ne, ƙanen marigayi surukina. Na durƙusa na karanta mai.

Ya ce, "Ɗiyata, shibcin jinka fa?"

"Shi ne na shida, Baffa. Ai rufi a ƙarshe yake."

"Ɗorawa ce a ƙarshe. Yanka yanzu ne, tun ciyawa na tsaye. Mi takardar taki ta sani game da fadama?"

Ƙannen mijina biyu kaɗai ke aikin, ban so a raba su. Na roƙi Inna ta sa baki a bi jerin. Baffa ya dube ni, ya ce to.

Gini bai yi saurin da na zata ba. Ƙasa sai ta kwana ta ruɓa, kowane zagaye sai ya sha rana kafin a ɗora wani. Ranar da munka iso na shida, maharba sun riga sun ƙone daji, abin da ya saura shanu sun kiwace. Anka rufe bakin rumbu da tsohuwar zana, anka danne da duwatsu. Dammunan iri, waɗanda Inna ta zaɓa da hannunta, su ne a sama. Kullum in na wuce sai in kau da kai.

Ruwan farko ya zo da wuri, da la'asar, da iska a gabansa. Ina kallo zanar ta tashi ta faɗa gidan maƙwabta. Munka shanya abin da munka iya, amma irin ya yi baƙi, wani ya tsira a jikin zangarniya.

Da ruwan shuka ya sauka, Inna ta ɗauki ƙwarya ta shiga gida gida roƙon iri, matar da a da ita ke ba mutane. Na ji wata na ce mata, "Baffan naku ya tsufa, shi gina rumbu ba jinka?" Inna ta ce, "Iska ce." Ina bayan danga, ban ce uffan ba. Wannan shirun ya fi ruɓewar geron yi mini nauyi, har yau ina neman gafarar Allah a kansa.

Sai bayan kwana uku na iya zuwa wurin Baffa. Na ce laifina ne, zan faɗa wa matan unguwa.

Ya ce, "Ki faɗa. Amma fara da Innarki, ita tay yi yawo da ƙwarya."

Na same ta tana sussukar irin da ta roƙo wurin mutane, kala-kala, gajere da dogo. Na durƙusa zan fara magana. Ta matsa mini wuri a tabarma, ta miƙo mini zangarniya.