Ranar da Baba Ya Karanta Jarumina ta Dama

Shekarar da na gama sakandare na zana wani ɗan littafin labari cikin hotuna, shafi goma sha shida. Jarumin ɗan manomi ne na zamanin da. Ya bar gona, ya samu doki da sulke da takobi mai aman wuta, ya koyi tashi sama, ya sare kawunan wani dodo guda uku, aka naɗa shi sarki. Ni dai a ganina ba a taɓa yin irinsa ba.

Wani mai shagon ɗab'i a Dutse ya gani, ya ce in koma wurinsa in riƙa yi masa zane. Saura izinin Baba. Baba kuwa malami ne a Aujara, ko kalanda mai hoto ba ta kwana a zaurensa. In ya ce a'a, magana ta ƙare.

"Kawo abin in gani," in ji shi.

Ya sa tabarau, ya yi bisimilla, ya buɗe littafin ta dama, yadda yake buɗe littattafansa na Larabci. Wato daga shafin ƙarshe! Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga mini hannu.

"To, ga wani sarki ya sauka daga karaga. Madalla. Ga dabba kwance ba kai." Ya juya shafi. "Ikon Allah! Ya mayar mata da kawunanta. Ashe mai tausayi ne."

Wata uku na yi ina kashe dodon nan, Baba ya tashe shi cikin minti ɗaya.

"Dokin ya yi," in ji shi. "Wanda ya zana shi ya san doki. Ganuwar garin ma ta yi kyau. Amma mutum da lafiyayyen doki, me ya kai shi shawagi kamar shirwa? Kuma wannan hannun yatsa shida gare shi."

Na leƙa. Wallahi shida ne.

"Wandon nan ko ruku'u ba zai yiwu da shi ba. Shafi nawa ke nan, bai ci abinci ba, bai yi salla ba, bai gaida kowa ba. Ɗan gidan waye?"

Haushi ya cika ni, don duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Haka ya ci gaba, jarumina ya ajiye takobi, ya tuɓe sulke, har aka zo shafin farko, yana tsaye a gona da fartanya kusa da tsohonsa. Baba ya daɗe yana kallon shafin.

"Ƙarshen ya yi," in ji shi. "Je ka Dutsen."

Na yi murna, amma abin ya tsaya mini a rai, kamar na ci izinin da ha'inci. Ranar tafiya, mai babur yana jirana a ƙofar gida, na durƙusa na ce, "Baba, littafin nan fa ta hagu ake fara shi."

Bai ko ɗago daga allon da yake dubawa ba.

"Na sani. Na leƙa shi tun yana ɗakinka. Ta can gefen yaron tafiya yake yi, ba ya dawowa."