Hoton da Ya Kusa Korar Maman 'Yan Biyu daga Karu

Ni dai Allah bai yi ni da haƙurin saƙon nan mai cewa "a tura saboda Allah" ba. To irinsa ne ya faɗo guruf ɗin matan unguwarmu a Karu, ina ofis a Wuse: hoton wata mata tana jan hannun yaro, a ƙasa an rubuta wai ɓarauniyar yara ce, ta addabi Karu.

Kafin la'asar wata ta rubuta, "Kai, wannan ba Maman 'Yan Biyu ba ce?"

Maman 'Yan Biyu maƙwabciyata ce, gida ɗaya muke haya, tela, Kirista daga Filato. Ita ke min ɗinkin Sallah, ni nake soya mata cincin ɗin Kirsimeti. Hoton dishi-dishi ne, amma akwai wushirya da jan ɗankwali, ita ma tana da su. Shi ke nan fa. Hajiya mai gidanmu ta kira ni, ta ce samari sun fara taruwa a waje, ita ba ta son fitina, gara matar ta kwashe kayanta.

"Ruwa ba ya tsami banza, 'yata," in ji ta.

Na ce, "Hajiya, don Allah ki kulle get ki jira ni."

A cikin bas, a matse tsakanin taga da wani mai buhun doya, na soma bincike a waya. Na fara rubuta labarin a injin bincike. Shafuka suka fito rututu, amma kowa "an ce" yake yi, babu rana, babu sunan unguwa, babu wata jaridar kirki da ta ɗauka. Sai na koma binciken hoto, inda ake sa hoton kansa a nemo inda ya taɓa fitowa. Netwok ya tsaya cak a cikin goslo. Wallahi saura kaɗan in jefar da wayar ta taga!

Da ya dawo, sai ga hoton tangaran a wata tsohuwar jarida ta gabashin Afirka. Uwa ce ke janye ɗanta daga ambaliya. Ban yarda nan take ba, don ita ma jaridar ban san ta ba. Na ƙara girman hoton: motocin suna bin hannun hagu, babu koriyar tasi irin tamu ta nan ko ɗaya. Na kwafi sunan shagon da ke bayan matar na sa a taswira, ta kai ni wancan titin, a waccan ƙasar.

Na sauka daga bas na ratsa samarin a ƙofar gidanmu, ko gezau ban yi ba, na ɗaga musu wayar.

Na ce, "Ku zo ku gani, masu ido! Yaushe aka fara tuƙi ta hagu a Karu? Kama da wane ai ba wane ba ne!"

Wayar ta zaga hannu-hannu. Suka riƙa sulalewa kamar kajin da ruwa ya doka. Hajiya ta yi salati ta buɗe get. Ni kuwa, ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura, kuma har yau idan na tuna sai in ji daɗi. Tun daga ranar, matan unguwa ni suke turo wa abu su ce in duba musu tukuna.

Da na shiga gidan, na sami Maman 'Yan Biyu zaune kan jakar kayanta, 'yan biyun sun maƙale mata. Na nuna mata uwar nan da ɗanta. Ta daɗe tana kallo, hawaye na zuba, sannan ta ce da Hausarta ta Filato:

"Anti, ni ma fa na tura shi wa matan cocinmu da safe. Ban san ni za a ce ba."